Ɗan Soja a Ƙofar Jami'a

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ɗambatta, Bichi ko Ƙunci, ya san gidan da ake ce wa gidan Saje ko gidan Kofur. A wannan yanki gonaki sun matse, in an raba gado wani ba ya samun abin da zai ci da iyalinsa har kaka ta zagayo. Matsin nan ne ke tura samari cin rani, shi ne kuma ke tura waɗansu aikin soja. Mutanenmu sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun shiga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar ƙasar nan ta tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000, ga shi kuma tun 2009 yayyenmu ke faɗuwa a dazuzzukan Barno.

To, ina makomar 'ya'yansu? Soja in ya rasu, iyalinsa sukan bar bariki su koma ƙauye, inda gonar ba ta ishe waɗanda ke cikinta ba. Yaron da ya ci jarrabawa sai ya tsaya a ƙofar jami'a, ba kuɗin rajista, ba wurin kwana. Rundunar soja tana da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan mamatanta, amma matar da ke ƙauye, ba ta san ofis ba, wa zai cika mata takardu?

Wani zai ce ai maraya maraya ne, ɗan manomi ma yana shan wuya. Gaskiya ne. Sai dai wannan uba jama'a ce ta aike shi, saboda haka bashin yana wuyan jama'a. Amurka ta gane haka a 1944, ta kafa dokar da ta kai tsofaffin sojoji fiye da miliyan biyu manyan makarantu.

Shawarata uku ce. Da farko, jami'a ta keɓe jami'i guda da zai san waɗannan ɗalibai, ya bi musu haƙƙinsu tare da dagatai da ƙungiyar tsofaffin sojoji. Na biyu, sojan da ke karatu in an kira shi fagen fama, a ajiye masa gurbinsa har ya dawo. Na uku, a fifita marayun soja wajen rabon ɗakunan kwana.

Mu ma a Sashen Hausa da namu kason. Hausa ce harshen soja a zamanin Turawa, a nan Hausar bariki ta samu gindin zama. Tsofaffin da suka ga Yaƙin Basasa suna ƙarewa, labaransu da waƙoƙin faretinsu suna binsu kushewa. Jikokinsu da ke ajinmu su ne za su buɗe mana zaurukansu. In mun riƙe su da kyau, mun sauke nauyi, mun kuma tsirar da tarihi. Allah ya sa mu dace.