Teku Ba Ta Fi Dala Ba

Wai ni jama'a, yaushe za mu san darajar abin da Allah Ya ba mu? Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta dawo daga Ikko, ta ishe mu da labarin bakin teku. Wai an kai su Badagiri, sun ga itatuwan kwakwa reras, da sarƙoƙin da aka ɗaure bayi, da wani bene da aka gina tun 1845, har kuɗin shiga suka biya. Sai cewa ta yi, "Yaya, mu nan Kano ai ba mu da wajen kallo."

Wallahi sai da raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, benen 1845 ne abin mamaki? Badalar da kike wucewa kullum, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara wajen 900 ke nan. Kasuwar Kurmi da ke bayan gidajenmu, Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta. Kin ma taɓa hawa Dala kuwa?" Ta yi tsit.

'Yan uwa, su riƙe nasu suka yi, mu muka wulaƙanta namu. Badala muna yagar ƙasarta muna gini. Kogin Jakara mun mai da shi kwata, daga leda sai ruwan wanki. Gobe in jikokinmu suka ce ina ganuwar Kano, hoto za mu nuna musu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya ganar da mu, amin.