Na'urar Lantarki da Bayan Manomin Fakku

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, wata tsaraba ta fara shiga jakunkunanmu idan za mu gida hutu, wato 'yar na'urar nan mai batir da ake manna wayoyinta a gadon baya tana tsikarar fata da lantarki, wadda likitoci ke kira TENS. Na ga wanda ya kai wa mahaifinsa ita Fakku, a ƙasar Kebbe, dattijon da ciwon baya ya hana wa ruku'u. Niyyar yaron kyakkyawa ce, amma ina ganin an sa kuɗin inda bai kamata ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, ya rubuta a ɗora wa mai ciwon kai kifin teku mai lantarki, irin minjiryar kogunanmu. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo dalili: saƙon taɓa fata yana iya tare wa saƙon zafi hanya a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yakan murza ta. Saboda haka idan dattijo ya ce ya ji dama, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai galibi da an kashe na'urar, ba da jimawa ba ciwon ya komo.

Masu gwaji sun daɗe suna neman amfaninta ga ciwon bayan da ya wuce wata uku, ba su sami hujja mai ƙarfi ba. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a ba masu ciwon baya ita. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar yi ba, ta fifita motsa jiki bisa tsari, da tausa, da fahimtar da majiyyaci ciwonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin da take jawowa. Ba kowane ciwon baya ne na sunkuyon fartanya ba. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya, ya zo da rama da gumin dare. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari ke ƙwace masa, likita yake bukata yau. Mai ciki da mai farfaɗiya da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, kada su manna ta sai da izinin likita, kuma ɗan kasuwa ba zai faɗa muku haka ba.

Wanda albashi ya shigo masa, ya biya wa tsohonsa kuɗin mota ta Tambuwal zuwa Sakkwato, a duba shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masu gashin ƙashi su koya masa motsin da zai riƙa yi a gida. Abin da ya rage, a ɗauko 'yan ƙodago su yi masa noman farko bana.