Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A Tamale, duk matashin da ya ce zai nemi lasisin rediyon sha'awa, tambayar da ake tarbarsa da ita guda ce: me zai yi da shi, ga waya a aljihu? Wannan tambaya ta wanda bai yi nazari ba ce, kuma ya kamata a ba ta amsa.

Da farko, a bambance abu biyu. Rediyon sha'awa ba gidan watsa shirye-shirye ba ne irin tashoshin FM. Na'ura ce ta aikawa da karɓar magana tsakanin mutum da mutum, domin koyo da gwaji, ba domin neman kuɗi ba. Bahaushen da ya tashi yana kama sashen Hausa na BBC a gajeren zango ya riga ya san rabin sirrin: igiyar muryar takan daki sararin samaniya ta dawo ƙasa a nesa, ba tare da dogayen ƙarafunan kamfanin waya ba.

Masu cewa waya ta wadatar sun manta da ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ta gurgunce a Ghana da maƙwabtanta. Sun manta da ambaliyar 2007 a arewacin Ghana, da fargabar da ke sauka a bakin Farar Volta duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso. A irin wannan rana, baturin mota da tsinken waya da aka ɗaura a bishiya sun isa su kai saƙo Accra.

Akwai kuma masu cewa a sayi oba-oba kawai, lasisi ɓata lokaci ne. Kuskurensu ya fi na farko girma. Zangon rediyo dukiyar jama'a ce, kuma jahili kan iya kutsawa cikin zangon jiragen sama bai sani ba. Shi ya sa Sashe na 25 na dokokin rediyo na ƙungiyar ITU ya wajabta wa kowace ƙasa ta tantance ƙwarewar mai nema. A Ghana hukumar sadarwa ta NCA, wadda aka kafa a 1996, ita ke da ikon ba da izini, kuma lambar kira takan fara da 9G, kamar yadda ta Najeriya ke farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Tun 2003 ma aka cire wajabcin iya tangarahun Morse daga dokar duniya, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi.

Abin da ya rage shi ne karatu: lantarki, eriya da ƙa'idojin magana. Garin da ke da jami'ar UDS da Jami'ar Fasaha ta Tamale ba shi da uzurin kasa wannan. Duk mai jiran sai ruwa ya ci hanya kafin ya nemi lasisi, to ya makara.