An cire ƙoda, amma kada a jefar da takardu



A wajenmu, idan aka yi wa mutum tiyata aka cire mishi ƙoda mai kansa, ya tashi ya koma gona ko kasuwa, sai mu ce magana ta ƙare. Takardun likita a jefa su ƙasan akwati, gara ta cinye. To ga kansar ƙoda, wannan sakaci ne mai tsada.

Ita wannan cuta tana da haƙurin jira. Ƙwayoyinta na bin jini su laɓe a jiki, su sake ɓullowa bayan shekara 10, wani lokaci har 20. Galibi huhu suke kamawa, ko ƙashi, ko hanta. Amma sukan sauka inda ba a zato: pankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ko gaban wuya, sai a ɗauka maƙoƙo ne, ko kuma su fito kamar ɗan ƙullutu a fata.

Ga abin da ya kamata mu riƙe: dawowarta ba hukuncin mutuwa ba ne. Ƙarin ruwan kimiyo da aka saba bai cika tasiri a kanta ba, amma idan wuri guda ta kama kuma aka gano da wuri, likitocin tiyata na iya yanke wurin, mutum ya ƙara shekaru masu yawa. Idan kuwa ta bazu, sai magunguna masu tsada da talaka ba ya iya jurewa.

To yaya likita zai yi zarginta, in ba a gaya mishi an taɓa cire ƙoda ba? Shi ya sa muke cewa: a adana takardar tiyata da sakamakon gwajin tsokar da aka cire kamar takardar gona. A riƙa komawa kontrol, a yi ekografi ko sikana, ko da ana jin garau. Duk likitan da aka je wurinshi, a fara da wannan labari.

Su ma likitocinmu, muna roƙon su rubuta wa majinyaci komai, su yi mishi bayani da Hausa. Hukuma kuma ta sassauta kuɗin sikana, don wanda ya sayar da bisashenshi ya yi tiyata ba shi da na komawa kowace shekara.

Ku tura wa ƴan uwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.