Dokar ECOWAS da Fataken Kurmi

Malam Edita,

Ina roƙon fili domin in yi magana a kan ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta kuma zartar a 1979 cewa ɗan kowace ƙasarta yana da iznin shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90. Mu fataken Kasuwar Kurmi masu kai haja Maraɗi ta Jibiya, tun dā masu shingaye suke tauye mana wannan haƙƙi, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali ƙungiyar ta ce zirga-zirga tana nan. Ina roƙon hukumarta da ke Abuja ta bayyana hukuncin da Hausa a rediyo, domin talaka ya san hujjarsa.

Wassalam,
Mai karatu, Cikin Birni, Kano