Wadda Ta Gudu Da 'Ya'yanta Ba Ta Saci Kowa Ba

Tun rikicin Yulin 2022 a Jihar Blue Nile, da ya tarwatsa Hausawan Rusairis da kewaye, har zuwa Disambar 2023 da dakarun RSF suka shiga Wad Madani, iyalanmu suke watse tsakanin jihohi. Wasu sun nufi Sinnar da Maiwurno, wasu Gadarif, wasu Kassala. Yanzu da aka fara komawa gida, wata fitinar ta kunno kai. Mutum ya saki matarsa tun kafin yaƙi, ita ce ta goya ɗaya ta ja ɗaya ta tsallake da su, yau kuma ya zo yana cewa ta bar gari ba izininsa, don haka riƙon yara ya faɗi daga hannunta. Abin takaici, yakan sami malamin da zai ɗaure masa gindi.

Malam, mu buɗe littafin tare. A Risala, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta rasu ko ta yi aure, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Gaskiya ne a Muhtasar na Halil akwai batun tafiya: in waliyyi ko uwa ya yi ƙaura ta zama mai nisan baridi shida, wato tazarar kasaru da rabinta, riƙon yana iya komawa wajen waliyyi. Amma ƙaura ta zama aka ce, wadda mutum ya shirya ya zaɓa. Kuma an gindaya sharaɗin aminci, a hanya da kuma wurin da za a kai yaron. To wace niyyar zama ce ga matar da ta fita da zani ɗaya ana harbi a bayanta? Wane aminci ne a ƙauyen da kai kanka ka bari?

Masu cewa doka tana tare da uba ma su karanta ta har ƙarshe. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 a Sudan ta bar wa mata riƙon namiji zuwa shekara 7, mace zuwa 9, sannan ta ba alƙali ikon tsawaita shi in maslahar yaron ta nuna haka. Alƙali aka ba wannan iko. Ba a ba ƙanen uba da ya zo da mota ya ɗauki yaro a ƙofar makarantar allo ba.

Ban wanke iyaye mata duka ba. Wadda ta sauya lambar waya ta ɓoye inda take, don uban ya manta da kamannin ɗansa, ita ma ta yi zalunci. Ganin ɗa haƙƙin uba ne, kamar yadda ciyarwa da tufatarwa suke wuyansa ko yaron yana Damazin ko yana Port Sudan.

Kai uba, in kana da ƙorafi, kai shi kotun iyali, ko ku zauna gaban dattawan ɓangarorin biyu a rubuta lokacin ziyara da kuɗin ciyarwa. Kafin nan ka amsa tambaya ɗaya: cikin watannin gudun nan, buhun dawa nawa ka aika?