Ra'ayinmu: Murɗe hannu ya ja baya, shaƙe wuya ya rage mana

Duk mai bibiyar damben keji na UFC, wanda samarin Tudu da Nima da Maamobi ke kwana suna kallo a waya, ya ga abin da ya canja. Kamun hannu da na ƙafa, waɗanda a da suke sa ƙato ya buga hannu a ƙasa ya ce ya sallama, sun yi ƙaranci a manyan wasanni. Kamun da ya riƙe kambunsa shi ne shaƙe wuya. Wannan batu ya shafi iyaye da malaman makaranta kai tsaye, domin abin da yaro ya fi gani shi yake kwaikwayo.

Lokacin da aka fara gasar a birnin Denba na Amurka a 1993, Royce Gracie ɗan Brazil, mutum marar ƙiba, ya sa mutum uku sun sallama a dare ɗaya. A lokacin yawancin abokan karawarsa ba su san yadda ake kuɓuta a ƙasa ba. Daga baya Ronda Rousey ta ci wasanninta takwas na farko duk da kamu iri ɗaya, wato tanƙwara gwiwar hannu. A 2011 Frank Mir ya murɗe hannun Nogueira har ƙashi ya karye a gaban jama'a. Yau irin wannan sai jefi-jefi.

Me ya kawo haka? Na farko, kowa ya koyi makarin kamun, kuma dabarar da kowa ya san maganinta ta daina ba da tsoro. Na biyu, yanzu turmi minti biyar ne, ga alƙalai uku suna rubuta maki. Wanda ya kwanta yana neman hannu ko ƙafa, in bai samu ba, sai ya tsinci kansa a ƙasa ana zuba masa naushi, turmin kuma ya tafi. Na uku, gumi na sa hannu ya sulluɓe. Amma wanda ya haye bayan abokin karawarsa ya zagaye wuyansa, ko kamun bai ci ba, bai yi asarar komai ba. Ta nan Dricus du Plessis na Afirka ta Kudu ya bi ya kayar da Israel Adesanya a 2024, karon farko da aka sa shi ya sallama.

To, a nan gizo ke saƙar. Yaron da aka murɗe wa hannu zai yi ihu, a ji a zo a raba. Wanda aka shaƙe kuwa ba ya iya magana. Kamun yana danne jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya sume, mai shaƙewar ma bai ankara ba. A cikin keji akwai rafali da ke tsaye a kansu, ga likita a gefe. A lungun gida fa? A bayan aji lokacin tara fa? Babu kowa sai yara masu shewa, wani ma yana ɗaukar bidiyo.

Hana yara kallo ba zai yiwu ba, wayar tana aljihunsu. Ƙarfin da ke jikin matashi kuma dole ya sami inda zai tafi. Maƙwabtanmu na Bukom sun nuna yadda ake yi: sun sa yaransu ƙarƙashin masu horarwa, unguwar ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey. Mu ma ba mu rasa gado ba. Kokawa tamu ce, kuma dokarta ta fi dacewa da yara, tunda da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, babu shaƙewa babu karya ƙashi. A Nijar tun 1975 ake gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tahoua, har yau kuma ƙasar kan tsaya cak idan ana yin ta.

Don haka muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su nemi fili, ko da na makaranta ne ranar Asabar, su nemo dattawan da suka yi kokawa a ƙuruciyarsu su koyar da ita tun suna da rai. Malamai kuma, na boko da na allo, su ɗauki minti biyar su bayyana wa ɗalibai abin da shaƙewa ke yi wa ƙwaƙwalwa, su kafa doka cewa wuya ba wurin wasa ba ne. Duk saurayin da yake son damben keji da gaske, ya je wurin ƙwararren mai horarwa, inda darasin farko shi ne sakin abokin wasa da zarar ya taɓa ka. Iyaye su ma su riƙa tambayar abin da yaran ke kallo da dare, kada a bari sai an kwashi ɗan wani zuwa asibiti kafin a fara wannan magana.